Rahad, Mararrabar Dogo a Ƙasar Kordofan

Daga Kosti, a ƙasar Sudan, da zarar mota ta ba Farin Nilu baya ta miƙi yamma, ƙasa takan fara sauya kama. Baƙar lakar bakin kogi ta ƙare, jan yashi ya karɓa, tudu bayan tudu, duk an shuke shi da gero da riɗi da gyaɗa. Ga aduwa, ga magarya, ga ɗakwara a warwatse cikin gonaki, can nesa kuma kuka ta tsaya ita kaɗai. Mutumin Daura ko Gumel ba zai ji baƙunta a nan ba. In ka ɗora yatsa a kan Katsina a taswira ka ja shi gabas sak, ka ratsa Borno da Chadi da Darfur, kusan a wannan yanki na Kordofan ta Arewa za ka sauka. Daminarsu gajeriya ce, ta faɗi wajen Yuni ko Yuli ta ɗauke a Oktoba, sauran shekara kuma rani ne da iska.

A kakar 2022 na bi wannan hanya. Wani abokin karatuna a Hartum, Bahaushen Sudan, ya daɗe yana cewa in zo in ga garinsu lokacin yankan riɗi, ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne dogo. Tun daga Kosti layin jirgin ƙasa yake biye da kwalta, wani lokaci kusa har kana ganin ƙarafan, wani lokaci ya ɓuya a bayan tudu. Muka wuce Tandalti, muka tsaya salla da shan shayi a Umm Ruwaba, muka wuce Simeh, jirgi ko ɗaya bai gitta ba. Da la'asar sakaliya muka sauka a Rahad.

Garin yana kimanin kilomita 70 kudu maso gabas da Al-Ubayyid, babban birnin jihar. Hedikwatar ƙaramar hukuma ne, girmansa ma bai wuce na irin waɗannan garuruwa a wajenmu ba. Gidajen cikin gari na jan bulo ne da na ƙasa, ba bene, a gefe-gefe kuma dangar kara ce da bukkoki. Amalanken jaki da raksha, wato babur mai ƙafa uku, su ne motocin haya. In ka tsaya a fili ka dubi kudu za ka hango Jabal Dayir, dutse mai tsayin da ya haura mita 1,000, ya yi shuɗi-shuɗi a ƙarshen gani. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare itatuwansu da namun dajinsu. Daga bayansa ne duwatsun Nuba suke farawa, ƙasa kuma ta koma laka mai tsagewa da rani. Rahad yana zaune ne daidai kan iyakar yashin arewa da lakar kudu, shi ya sa a kasuwarsa kake ganin gero da dawa a rumfa ɗaya, raƙumi da saniya a kara ɗaya.

Abin da ya raba shi da sauran garuruwan layin shi ne ruwa. Washegari da sassafe abokina ya kai ni bakin tafkin da suke kira Turda, a gefen gari. Na zaci kududdufi zan gani, sai ga ruwa shimfiɗe, faɗinsa ya ishi kwale-kwale ya yi tafiya, bagaruwa na tsaye a cikinsa har ƙugu, tsuntsayen ruwa fari fat a kan rassa. Ruwan daga duwatsun Nuba yake zuwa, ta wata ƙorama mai suna Khor Abu Habil. Da damina takan cika ta yi ambaliya ta nufi gabas, amma da wuya ta kai Farin Nilu, yashi ke shanye ta a wajen Tandalti. Abin da tafkin ya tara a 'yan watannin nan shi gari ke sha, shi dabbobi ke sha, da shi ake ban-ruwan lambuna har wata daminar. A bakin ruwan na fara jin Hausa ba daga bakin mai masaukina ba. Wasu masunta ne suna warware koma, ɗaya yana yi wa ƙaninsa faɗa a kan ya bar igiya ta harɗe. Na yi musu sallama, suka amsa da fara'a, suka tambaye ni mutanen Kano kamar jiya suka baro ta, alhali ba wanda ya taɓa taka Najeriya a cikinsu.

Wannan ruwa shi ne tarihin garin. Duk wanda ya ratsa Kordofan da jama'a ko da dabbobi, dole ya tsaya a nan. A ƙarshen 1883, bayan Muhammad Ahmad Mahadi ya karɓe Al-Ubayyid a watan Janairu, gwamnatin Turkawa da Misirawa ta turo runduna daga bakin Farin Nilu ƙarƙashin wani hafsan Ingila mai suna Hicks. Ƙishirwa ta galabaitar da su a hanya, suka yada zango a Rahad a watan Oktoba, daga nan suka tashi suka nufi Al-Ubayyid. Ba su kai ba. A dajin Shaikan, ranar 5 ga Nuwamba, mutanen Mahadi suka gama da su, 'yan kaɗan ne suka tsira. Shekarar da ta biyo baya Mahadi da kansa ya taso da jama'arsa ya zauna a Rahad na wasu watanni, inda ruwa zai ishi runduna, kuma daga nan ya ɗaura yaƙin Hartum, wadda ta faɗi ranar 26 ga Janairun 1885. Labarin bai tsaya a Sudan ba. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana zaune a Balda ta ƙasar Adamawa ya yi wa Mahadin mubaya'a ta wasiƙa, aka naɗa shi wakili a ƙasashen yamma. Ke nan tun kafin a shimfiɗa ƙarfe ɗaya a Kordofan, kunnen mutanenmu yana wannan wuri.

Tashar jirgin tana nan, kuma ita na fi daɗewa ina zagayawa. Akwai ofishin shugaban tasha, ginin jan bulo mai baranda, da tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, da layuka da dama a jere inda ake karkatar da taragai. A gefe ga gidajen leburorin reluwe, 'yan ɗakuna zagayayyu masu rufin bulo mai tsini, irin waɗanda za ka gani a kusan kowace tsohuwar tasha a Sudan. Wasu taragan kaya sun yi tsatsa a inda aka bar su, awaki na kwance a inuwarsu. Na auna tsakanin ƙarafan biyu da ido, na ga ai namu ne: milimita 1,067, daidai da tsohon layin Legas zuwa Kano. Turawan Ingila ne suka shimfiɗa duka biyun, da awo ɗaya, kuma kusan lokaci ɗaya.

A Sudan aikin ya faro ne daga arewa, don yaƙi. Kitchener ya ja layi daga Wadi Halfa ya ratsa hamada a 1897, ya kai bakin Hartum a ƙarshen 1899. Da aka gama yaƙi sai ciniki ya karɓa. Layi ya gangara Wad Madani da Sinnar, aka gina gadar Kosti a kan Farin Nilu a 1910, aikin diga ya ratsa Rahad ya isa Al-Ubayyid a ƙarshen 1911. A wannan shekarar ce dogo ya shiga Kano. Mu gyaɗa da fatu ya kwasa, su kuwa ƙaro. Ɗakwarar nan da na gani a hanya ita ce arziƙin Kordofan: da kaka a tsaga bawonta, bayan 'yan makonni a dawo a tsinci ƙaron da ya daskare, a kai kasuwa. Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, kuma kafin zuwan jirgi a bayan raƙuma yake tafiya har bakin kogi. Jirgin wancan zamani da tururi yake aiki, ba ya nisa sai ya sha ruwa, don haka tashar da ke kusa da tafki ta fi ƙarfin a wuce ta. 'Yan kasuwar bakin Nilu, waɗanda ake kira Jallaba, suka biyo layin suka buɗe kantuna da rumbunan ajiya, ƙauye ya zama gari.

Yadda Hausawa suka shigo cikin wannan lissafi kuwa, daga bakin mahaifin abokina na ji shi. Dattijo ne mai lambu a bakin tafkin. Bayan isha aka fito da gadajen igiya tsakar gida, aka kawo gahawa a jabana, wato 'yar butar gahawa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka je ka ga tashar?"

Na ce, "Na gani, Baba. Sai dai ba jirgi."

Ya ce, "Jirgin nan da ba ka gani ba, shi ya ajiye mu a garin nan."

Mahaifin Baba daga ƙasar Kano ya fito da niyyar hajji, yana saurayi, cikin ayari. Suka bi Maiduguri, suka haye Fot Lami, wato Njamena ta yau, suka bi Abashe da Adare suka shiga Jinena, daga nan Fashir, Nuhud, har Al-Ubayyid. Tsakanin Kano da Al-Ubayyid ya haura kilomita 2,000 ko da a miƙe ne, su kuwa a ƙafa da jaki suka yi shi, inda damina ta riske su su tsaya su yi noma, in an girbe su ƙara gaba. Wanda ya kai Kordofan ya ga dogo, a ransa ya gama wahala, domin daga nan jirgi ne zai ɗauke shi ya bi Kosti da Sinnar, ya kai shi bakin Bahar Maliya, ya hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. To amma jirgi ba ya karɓar niyya, tikiti yake so. Ga kuɗin jirgin ruwa, ga na takardu, ga guzurin Makka, alhali abin da aka fito da shi daga gida ya ƙare tun a Wadai.

Baba ya ce, "Sai a ce bari a yi damina ɗaya a tara. To ka san damina ɗaya ba ta cika jaka. Ya kama ƙwadago a gonar riɗi, ya yi dako a tashar nan, ya samu wuri a bakin ruwa ya dasa albasa. Kafin ka ce me, ga mata, ga mu."

Na ce, "Ya samu zuwa kuwa, Baba?"

Ya ce, "Ya je, alhamdu lillahi, da furfurarsa. Ya dawo nan ya rasu. Kano ce dai bai sake gani ba."

Irin wannan labari ba na gida ɗaya ba ne. Wasu sun zo ne da hijira, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu kuma aikin auduga ne ya riƙe su, bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira. Amma da yawa irin kakan abokina ne, maniyyata da suka tsaya neman kuɗin mota. In ka bi layin dogon Sudan tasha bayan tasha, daga Nyala zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan, da wuya ka rasa unguwar Hausawa kusa da tasha ko kusa da ruwa. A Rahad abubuwan biyu suka haɗu.

Ranar kasuwa ce ta nuna mini mutanen garin gaba ɗaya. Ƙasar ta Jawama'a ce, su ne mafi rinjaye, manoma masu magana da Larabci. Ga Nuba da suka gangaro daga duwatsu. Ga Hawazma, Larabawa makiyayan shanu, waɗanda kan hauro arewa da damina don gudun laka da ƙuda, su koma kudu da rani. Ga masu raƙuma daga arewa, ga jikokin Jallaba a kantuna, ga Fulani da Barebari da Hausawa, waɗanda sauran mutane kan haɗa su a kira su Fallata. A 2013 garin ya ƙara cika, lokacin da yaƙin Kordofan ta Kudu ya kai Abu Karshola, dubban mutane suka gudo nan, wasunsu kuma ba su koma ba. An zube buhunan riɗi da gyaɗa da zoɓo da 'ya'yan kankana, ana awo ana ɗinki. Kayan miya da kifi da agashe kuwa, in ka matsa kusa da mai sayarwa, sau da yawa za ka ji yana ciniki da Larabci yana yi wa yaronsa magana da Hausa. Na sha godogodo a wajen wata dattijuwa, na ce, "Inna, hannunki da albarka," ta yi dariya ta ƙara mini ludayi guda.

Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Sudan ita ce ta 2008, kuma ba a tambayi kowa ƙabilarsa ba, saboda haka babu wata takardar hukuma da ta faɗi yawan Hausawan Rahad ko na ƙasar baki ɗaya. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne takardar zama ɗan ƙasa, wadda suke kira jinsiyya. Dokar 1957 ta ce sai wanda asalinsa ke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mutumin da kakansa ya iso bayan yaƙin Burmi, ko ya zo zamanin jirgi, ya faɗi wannan jarrabawa ke nan tun ba a ba shi takarda ba, ko da a garin aka yanke masa cibiya. Dokar 1994 ta dawo da iyakar zuwa farkon 1956, amma abin da aka shuka a zukata bai fita da sauya doka ba. 'Yan watanni kafin zuwana, a Yulin 2022, an yi rikici a jihar Shuɗin Nilu kan maganar ƙasa da sarauta, aka kashe mutane da yawa, Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala da Gadarif da Al-Ubayyid. Zancen yana bakin kowa a zaure. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin na ga mutanen da suka yi dako a tashar garin, suka ciyar da shi albasa da kifi shekara da shekaru, suka binne iyaye da kakanni a maƙabartarsa, har yanzu ana iya tambayarsu daga ina suka zo. Mu ma a Najeriya muna da laifi. Sai an yi tashin hankali muke tuna akwai su, a yi kwana biyu ana jajantawa a Facebook, a manta.

Shi kuwa dogo, mutuwarsa a hankali ta zo. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe, mai cibiya a Atbara, tana cikin ƙungiyoyin ƙwadago mafi ƙarfi a ƙasar, gwamnatoci kuma suna jin tsoronta. A 1981 Shugaba Numairi ya murƙushe yajin aikinsu, ya rusa ƙungiyar, hankalin hukuma ya koma kan kwalta da manyan motoci. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997 ya sa kayan gyaran kawunan jirgi suka yi wuyar samu. Layi ya tsufa, jirgi ya koma tafiyar hawainiya, har fasinja ya gwammace ya biya kuɗin bas. Wani tsohon leburan layi da na tarar a inuwar ofishin tasha ya kwatanta mini yadda wurin yake a da: in jirgin Nyala ya tsaya, mutane har kan rufin taragai, mata na zagayawa da shayi da dafaffen ƙwai da gyaɗa, rabin gari na cin abinci daga tsayuwar nan. Yanzu cinikin ya koma bakin kwalta. A ganina an yi asara babba. Ƙaro da riɗi da shanu kaya ne masu nauyi da nisan tafiya, irin kayan da aka ƙirƙiri jirgin ƙasa dominsu, kuma duk abin da mota ta ƙara a kuɗin dako daga aljihun manomi yake fita.

Kafin in bar garin na roƙi abokina ya kai ni Aradeba, ɗan nesa kaɗan da tasha, inda layi ya rabu biyu. Ɗaya ya ci gaba zuwa Al-Ubayyid, ɗaya ya karkata yamma. Wannan na biyun an fara shi ne a tsakiyar shekarun 1950, ya bi Abu Zabad ya kai Babanusa, ya wuce Da'en ya isa Nyala a 1959. Daga Babanusa wani reshe ya gangara kudu ya kai Wau a 1962, garin da tun 2011 yake cikin wata ƙasa daban, Sudan ta Kudu. Wannan rabuwa ce ta mai da Rahad mararraba, duk jirgin da zai je Darfur ko kudu sai ya bi ta nan. A ɓangarenmu kuma dogo ya kai Maiduguri a 1964. Layuka biyu masu awo ɗaya, ɗaya ya tsaya a Nyala yana duban yamma, ɗaya ya tsaya a Maiduguri yana duban gabas, Chadi na tsakani ba ta da dogo. Da an haɗa su, da buhun da aka ɗora a Kano zai sauka a Bur Sudan ba tare da an sauke shi a hanya ba. Kafin a yi wannan tunani da gaske jirgin sama ya ɗauke alhazai, hanyar ƙasa ta zama ta fatake da masu ƙaramin ƙarfi.

Watanni kaɗan bayan dawowata, ranar 15 ga Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa da ake kira RSF. Zaman Rahad a kan hanyar Kosti zuwa Al-Ubayyid, wanda ya zame masa arziƙi fiye da shekara ɗari, shi ya jawo masa bala'i. Garin ya faɗa hannun RSF, hanya ta rufe, sai a Fabrairun 2025 sojoji suka sake shiga. Abokina ya kwashe mata da yara ya kai su wajen dangi a Gadarif. Baba ya ƙi tafiya, ya ce ba zai bar lambu da kabarin mahaifinsa ba, kuma Allah Ya tsare shi. A saƙon murya na baya-bayan nan abokina ya ce sun koma gida, sun tarar an kwashe ƙofofi da injin ban-ruwa. Yanzu shi da 'yan'uwansa suna haɗa kuɗin wani injin, suna so su same shi kafin lokacin dashen albasa ya wuce.